Bayan shanyewar ɓarin jiki, an daina tambayata a gidana

Na shafe shekaru ina ɗinki a Shara Mansur da ke Makka kafin hawan jini ya kayar da ni. Likita ya ce gudan jini ne ya toshe wata jijiya a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, inda cibiyar magana take ga yawancin mutane, shi ya sa hannuna da ƙafata na dama suka shanye, magana kuma ta ɗauke. Allah ya taimaka ɗana ya kira 997, lambar motar asibiti ta gaggawa, nan take, aka kai ni asibiti tun awa huɗu da rabi da ake iya yin allurar narkar da gudan jinin ba su cika ba.

Makullin shago ya koma hannun ɗana, kuɗin cefane ya koma hannun uwargida, ita ce kuma take zuba mini ruwan alwala. Na koyi cin abinci da hagu, na koma salla a zaune kamar yadda hadisin Imrana bin Husaini ya sauƙaƙa wa mara lafiya. Duk waɗannan na haɗiye su, har da kunyar ɗan cikina ya riƙe ni zuwa banɗaki.

Abin da ya tsaya mini a rai har yau shi ne yadda aka ɗauka cewa tunda bakina ya yi nauyi, hankalina ma ya tafi. Masu dubiya sukan shigo, ina zaune ina kallonsu, su juya wajen matata su ce, "Hajiya, yaya jikin nasa?" Da aka zo neman auren 'yata, ƙanena ya karɓi baƙi a falona, aka yanke sadaki, aka sa rana, ina ɗaki ina jin komai ta bayan labule. Da na nuna ɓacin rai sai ya ce, "Yaya, ba mu so mu wahalar da kai ne." Na san da kyakkyawar niyya ya yi, amma ranar na fi jin ciwo fiye da ranar da na faɗi.

Mai koya mini magana a asibiti ce ta gyara lamarin. Ta ce wa iyalina su yi mini tambaya ɗaya a lokaci guda, wadda amsarta i ce ko a'a, su kashe talabijin, su jira, kada kowa ya ƙarasa mini kalma. Jiran nan shi ne ya fi yi musu wuya, domin tausayi yakan sa mutum gaggawa. Duk mai jinyar irina ya riƙe wannan, kuma ya bar wa mara lafiya hukuncin da yake nasa, ko da ba zai iya ɗaga kofi ba.

Ranar ɗaurin aure ban wakilta kowa ba. Na yi makonni ina maimaita "na bayar" har na furta ta da bakina a gaban shaidu. Ƙanen nawa dai har yanzu in ya shigo, Hajiya yake fara tambaya ko na ci abinci.