Fentin yayyafi a but ɗin tsohuwar mota: abin da aikin ke koyarwa

Wanda ya buɗe but ɗin Chevrolet Impala, Chevelle ko Pontiac GTO ta shekarun 1960 sau da yawa zai ga cikinsa da ɗige-ɗige kamar jikin zabo, ba fenti mai launi ɗaya ba. Kamfanin General Motors ya daɗe yana fesa wannan fenti a motocinsa, kuma ba don ƙawa kaɗai ba. Ɗige-ɗigen na ɓoye tabon walda, da danƙon da aka toshe haɗin ƙarfe da shi, da ƴan lanƙwashe-lanƙwashen da babu mai lokacin gyarawa a masana'anta. A galibin motocin farkon shekarun 1960 yayyafin ruwan toka ne da fari. Daga wajen 1967 aka fi ganin baƙi da wani shuɗi mai ratsin kore. Irin waɗannan motoci ba su da yawa a Maradi, inda tsohuwar mota a bakin mutane ke nufin Peugeot 404 ko 504, amma idan ɗaya ta shigo garaji, a but ake gane mai fentin da ya san aikinsa.

Kafin a taɓa sanfefa, a nemi fentin asali. Shekarar mota ba ta isa hujja ba, domin masana'antu daban-daban na kamfani ɗaya sun bambanta a launi da girman ɗigo. Wuraren da hannu da ruwa ba sa kaiwa su ne shaida: can sama a jikin kumburin tayar baya, bayan kujera, ƙarƙashin ƙarfen da ke riƙe tayar safiya, wato tayar canji. A goge wurin da jiƙaƙƙen tsumma a hankali, a ɗora sefa 100 kusa da shi, a ɗauki hoto da rana. Kuɗin ne ma'aunin da za a gwada girman ɗigo da shi daga baya. A kuma lura da inda yayyafin ya tsaya. Yawanci cikin murfi da kwatar da robar murfi ke zama launin jikin mota suke ɗauka.

Babban darasin shi ne wannan fenti ba ya kare ƙarfe. Na gwangwani da ake sayarwa yau don wannan aiki galibinsa na ruwa ne, kuma idan ruwa ya kwanta a kansa sai ya yi laushi ya gogu. Duk kariyar tana cikin abin da aka sa a ƙarƙashi. Saboda haka aikin na farawa ne daga gano ta inda ruwa ke shiga: robar murfi, bakin gilashin baya, robar fitilun baya. Mutum ɗaya ya shiga but da tocila, wani ya zuba ruwa daga waje, a yi wa wurin alama da alli. Wanda ya tsallake wannan, damina ɗaya ta ishe shi ya sake aikin.

Tsatsa ta fi cin ramin taya da ƙasan da shimfiɗar roba ta rufe. A kankare da buroshin ƙarfe da sanfefa mai lamba 80 har ƙarfe ya fito fari. Inda ya huje, a yanke a sa sabon ƙarfe, kada a cika da fila. Tankin mai yana rataye ne a ƙarƙashin ƙasan but a yawancin waɗannan motoci, don haka sai an sauke shi kafin mai walda ya kunna wuta. Wannan ba abin ciniki ba ne ko da mai mota na gaggawa. Bayan walda a wanke maiƙo, a fesa faraimar efoksi, wato fentin farko mai kare ƙarfe, hawa 2 bisa awon da kamfaninta ya rubuta, sannan a bi haɗe-haɗen ƙarfe da danƙo. A nan ne masu tsafta ke ɓata aiki: suna lallashe danƙon har ya yi sumul. A masana'anta da buroshi ake shafa shi cikin sauri, sawun buroshin na nan a bayyane, kuma wanda ya san motar zai nemi wannan sawu.

Launin shimfiɗar ƙasa, wato fentin da ake fesawa kafin yayyafi, na ceton fenti da yawa. Idan yayyafin ruwan toka da fari ne, shimfiɗar ta zama ruwan toka. Idan baƙi da shuɗi ne, ta zama baƙa ko toka mai duhu, marar ƙyalli. A ɗan goge ta da lamba 320 don yayyafin ya samu abin kamawa. Da irin wannan shimfiɗa, gwangwanin feshi 3 zuwa 4 kan isa matsakaicin but, ko kusan lita 1 ga mai aiki da bindigar fenti. A kan faraima mai launi dabam kuwa, mutum zai yi ta ƙara hawa don ya rufe ta, fentin ya yi kauri, ya ƙi bushewa, ya tsattsage.

Yadda aka haɗa fentin shi ke faɗa maka yadda za ka riƙe shi. Ƙananan curin launi ne ke yawo cikin ruwan fentin, kowane curi a ware, ba su narke cikin juna ba. Na galan, irin su Zolatone, ba a ɗora shi kan injin girgiza, ba a juya shi da injin huda, ba a tace shi da matata mai laushi. Duk waɗannan na farfasa curin, fari da toka su haɗe su zama launi ɗaya mai dauɗa, kuma babu dabarar raba su. Da itace mai faɗi ake ɗago na ƙasa zuwa sama a hankali, ko a riƙa juye shi daga bokiti zuwa bokiti. Yaron shago da ya saba da fentin jiki hannunsa zai kai ga tina ba tare da tunani ba, sai an hana shi tun farko. Na gwangwanin feshi dai ana girgiza shi da hannu gwargwadon abin da aka rubuta a jikinsa, kuma bakinsa na yawan toshewa, don haka a ajiye na canji kusa.

Bindigar na son baki mai faɗi, milimita 2 zuwa 2.5, da iska kaɗan. A fara daga wajen bar 1 a ma'aunin ƙarfin iska, a riƙa ƙarawa. Iska kaɗan na ba da manyan ɗigo, iska mai yawa na niƙe su su koma ƙura. Nisa tsakanin bindiga da ƙarfe santimita 30 zuwa 45. Duk wannan a kan kwali ake daidaita shi, kwalin da aka shafa wa shimfiɗa iri ɗaya da ta but, a bar shi ya bushe, a ɗora masa sefa 100, a gwada da hoton nan. Launi jiƙe da launi bushe ba ɗaya ba ne. A zubar da ruwan da ya taru a tankin kwamfuresa kafin a fara. Ana soma feshi daga can ciki wajen kujera a fito baya, gefe kafin ƙasa, don kada tiyo ya ja kan sabon fenti. Hawa 2 ko 3 marasa kauri, kowane a gicciye da na baya. Kada a damu idan wani lungu ya fi wani yawan ɗigo, haka suka fito daga masana'anta.

Yanayin Maradi na da nasa hukunci. A bazara, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ɗigon na bushewa a iska kafin ya sauka, ya zauna kamar yashi, hannu na shafawa ya zube. Maganinsa feshi bayan asuba, a inuwa, ƙarfe da sanyinsa, a ɗan matso da bindiga. A hunturu ƙura ce abokiyar gaba: a yayyafa wa ƙasan garaji ruwa, a rufe ƙofa. A watan Agusta kuwa sama na bushewa ciki na danye, sai a ƙara masa kwana. Gwangwanin da ya yini a rana cikin mota ma ba abin yarda ba ne.

Da yake fentin daga waje ake odarsa, wasu na kwaikwayonsa da abin da ke kasuwa, kuma hanyar na aiki. A fesa launin ƙasa ya bushe, a zuba launi na biyu da kaurinsa ba a sirka ba, a rage iska ƙasa da bar 1 har bindiga ta riƙa tofarwa maimakon feshi. Wannan ya fi jure ruwa nesa ba kusa ba. Aibinsa ɗigon na fita zagaye da ƙyalli, alhali na asali a baje yake, a dushe. Sinadarin kashe ƙyalli na rage bambancin. Ga motar da za a riƙa hawa, wannan hanya ta fi dacewa. Ga wadda mai ita ke son komai kamar ranar da ta fito, sai na ainihi.

Fentin yayyafi na ruwa yana bukatar fentin kariya marar launi a samansa, wanda ba ya sheƙi. A jira aƙalla awa 24, a damina kwana 2 zuwa 3. Hawan farko ya zama hazo-hazo daga nesa, domin idan aka jiƙa shi lokaci ɗaya ɗigon zai narke ya malale. Bayan ya kama sai a bi da cikakken hawa 1 ko 2. Salatif ɗin da aka rufe wuraren da ba a so fenti ya taɓa, a cire shi kafin fentin ya ƙanƙare, a ja shi baya a kwance. Shimfiɗar roba da tayar safiya su jira mako guda, murfin kuma a bar shi a ɗage cikin inuwa, don roba kan manne wa fentin da bai gama bushewa ba ta ɗago shi.