Malamar da ta koya mana tsayuwa

Jiya wajen bikin ƙanwata a Mabera, wata gwaggo ta ƙare mini kallo ta ce, "Ke ɗiyata, wa ya koya miki tsayuwa cir haka?" Dariya kawai na yi.

Malamarmu ta motsa jiki ce, a makarantar 'yan mata nan Sakkwato. Ta koyi rawar bale, wata irin rawar Turawa, tun tana yarinya, amma a gaban iyaye ba ta taɓa kiran abin rawa ba, gyaran jiki take cewa. Wayo ne, kuma ya yi mata aiki.

Sai bayan la'asar, rana ta yi sanyi, muke jeruwa a ɗakin taro, kowa ta dafa bayan kujera. Tsayuwar ƙafa iri biyar ce, dole ka haddace su. Duga-dugai a haɗe, yatsu waje, gwiwa ta lanƙwasa a hankali, haɓa sama. Lokacin hunturu siminti kamar ƙanƙara, kaushin ƙafarmu na tsagewa, ita ko a jikinta. Sunayen motsin duk da Faransanci suke, ta ce don Sarkin Faransa Luwi na 14 ne ya kafa makarantar rawa a Faris a 1661.

Babu wadda ta zama 'yar rawa cikinmu. Amma ƙawata da ke aikin jinya ta ce har yau, in tsayuwar dare ta gajiyar da bayanta, muryar Malama take ji: "Kafaɗa ƙasa, ciki a ɗame." Ni ma ko daka nake yi haka nake tsayawa, har 'yata ta fara kwaikwayona.