Abin da sikeli ya nuna mana a ɗakin haihuwa

Tambayar bincikenmu gajera ce: idan ungozoma ta kalli jinin da mace ta zubar bayan haihuwa ta ce "bai kai ba", me sikeli zai ce? Mun yi aikin a ɗakin haihuwa na wani asibiti a cikin birnin Kano, bayan kwamitin ɗa'ar bincike ya ba mu izini. Iyakar da muka riƙe ita ce mililita 500 cikin awa 24 bayan haihuwa. Daga nan an shiga haɗari, idan ya kai 1,000 kuwa abin ya tsananta.

Ba a neman yardar mace ta shiga bincike tana tsakiyar naƙuda. A wajen awo muke karanta mata takardar da Hausa, ta sa hannu ko ta dangwala. Wadda ta ce "sai na tambayi maigida" mukan ba ta takardar ta tafi da ita, ta dawo da amsa a awo na gaba.

Kayan aikin ba su da yawa: sikeli mai auna giram ɗai-ɗai, leda, da bokiti mai murfi ɗauke da lambar kowace mace. Audugar mata, bandeji da zani, duk mukan auna su a bushe mu rubuta. Da jariri ya faɗo sai a canza shimfiɗar ƙarƙashinta, don ruwan faya da fitsari suna ƙara nauyi su ɓata lissafi. Daga baya a auna kayan a jiƙe, a cire nauyinsu na bushe. Giram ɗaya na jini kusan mililita ɗaya ne.

Kuskurenmu na farko a fom yake. Mun sa gurbin ƙiyasin ungozoma da na sikeli a takarda ɗaya, sai ƙiyasin ya fara bin sikeli sau da ƙafa. Dole muka zubar da bayanan makon nan gaba ɗaya. Muka koma takarda biyu: ungozoma ta rubuta nata ta ninke, sannan wata ta auna. A nan gaskiya ta fito. Ido yana rage jini, kuma ragin ya fi yawa daidai lokacin da jinin ya yi yawa. Na ga zani biyu da aka ƙiyasta 300, sikeli ya haura 600. Atamfa mai duhu tana shanye jini ba ta nuna shi.

Zannuwan nan su suka fi ba mu wuya. Mai zaman jinya ba ta son a ga zanin 'yarta da jini, kafin ki waiga ta kai shi famfo. Wata dattijuwa ta ce da ni, "'Yar nan, jinin haihuwa ne, gara ya fita." Na ce, "Inna, wanda zai fita ya fita, amma bari mu san yawansa, kada ya tafi da ita." Tun daga ranar muke yi wa masu jinya bayani tun a bakin ƙofa, mu nuna musu bokitin.

Duk minti 15 a awa biyun farko ana duba bugun jini da hawa ko saukar jini, a taɓa mara a ji ko mahaifa ta yi tauri. Kada a jira mace ta yi ƙorafi. Mai haihuwar fari musamman, kunya kan hana ta cewa tana jin jiri. Wadda ta zo da ƙarancin jini kuma tana iya galabaita tun kafin 500.

Mun ƙara gurbi a fom don oxytocin, allurar da ke sa mahaifa ta yi tauri jini ya tsaya: yunit 10 cikin minti ɗaya da haihuwa, da inda aka ɗauko allurar. Ana ajiye ta ne tsakanin digiri 2 zuwa 8, wadda ta daɗe a kan tire cikin zafin Afrilu ƙarfinta na raguwa. Gurbin lokaci shi aka fi bari fayau a aikin dare, sai muka rataye agogo inda mai karɓar haihuwa za ta gan shi ba tare da ta juya ba.

Binciken E-MOTIVE da aka fitar a 2023, wanda aka yi a Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangaren Najeriya, ya nuna hanyar da ta fi tamu sauri: leda mai ma'auni a ƙarƙashin mace, sannan a haɗa magani gaba ɗaya, wato murza mahaifa, oxytocin, tranexamic acid (maganin tsayar da zubar jini) da ƙarin ruwa, tare da binciko inda jinin ke fitowa. Zubar jini mai tsanani ta ragu da kusan kashi 60 cikin 100. Sikeli yana ba da amsa bayan an tattara kaya, ledar kuwa ana karanta ta jinin na zuba. Shi ya sa muka kafa doka: idan mahaifa ta saki ko bugun jini ya ƙaru, a ajiye biro a kira taimako, zannuwan su jira a bokiti a auna su daga baya.