Maganaɗisun lantarki da ƙusa: yawan naɗi ba shi ne komai ba

Ɗan ƙanwata aka ba aikin haɗa maganaɗisun lantarki a makaranta, ya kawo min. Kayan duk a gida muka samu: ƙusa mai inci 4, babban batirin tocila, da wayar jan ƙarfe da na warware daga koyil ɗin tsohuwar fanka. Wayar nan tana da siririn shafi a jikinta, sai an kankare bakinta biyu da reza kafin wuta ta bi.

Ƙusar ta ɗauki allurai, yaro ya yi murna. Ni kuwa lissafin na fi so ya riƙe. Waya ce mai kaurin rabin milimita, naɗi 200 ya cika kusan santimita 10, wato naɗi 2,000 a kowace mita. In wutar da ke bi amfiya 2 ce (amfiya ma'aunin yawan wutar da ke gudu a waya ne), ka ninka ka samu 4,000, ka sake ninkawa da 0.00000126, lambar da ba ta canzawa a wannan lissafi, amsa ta fito tesla 0.005 (tesla ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ne). Ƙarfin naɗin ke nan babu ƙusa a ciki, kuma ya ninka maganaɗisun duniya fiye da sau ɗari. Ƙusa tana ƙara shi sosai, amma ba sau dubban da littattafai ke faɗa ba. Wancan sai ƙarfen ya zagaye ya haɗe kansa. Kuma duk wutar da za ka ba shi, in ƙarfe ya doshi tesla 2 ya ƙoshi.

Inda na fi daɗewa da shi shi ne zancen ƙara naɗi. Kowa yana cewa a yi ta naɗawa, ƙarfi zai ƙaru. Da farko gaskiya ne. Amma kowane zagaye yana ƙara wa waya tsawo, doguwar waya kuma ta fi hana wuta gudu. In wayar ta riga ta yi tsawo sosai, ka ninka naɗin da batiri ɗaya, wutar za ta ragu kusan rabi, ƙarfin ya tsaya kusan inda yake. Ribar da ka ci ita ce wayar ta rage zafi, batiri kuma ya daɗe. Mai son ƙarin ƙarfi na gaske, sai ya nemi waya mai kauri ko ya ƙara batiri. A ganina nan ne malamai ya kamata su tsaya da yara.

William Sturgeon na Ingila, wanda ya nuna irin wannan na'ura a 1825, naɗi 18 kawai ya yi da waya tsirara, ya ɗaga kusan kilo 4. Joseph Henry a Amurka ya lulluɓe waya domin ya jera naɗi a kan naɗi, zuwa 1831 tasa tana ɗaga sama da kilo 900.

Gargaɗi ɗaya na yi masa da babbar murya: kada ya kusanci soket ɗin bango da wannan waya. Ko da batiri ma, daƙiƙa kaɗan ya isa, ya cire kafin ta ƙona masa yatsa.