Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Yadda Ake Auna Teku a Bakin Tasha

Assalamu alaikum masu karatu. Makon jiya mun tsaya a inda na shiga cikin masu kula da ma'aunin ruwa a gaɓar tekun Gana. A wannan makon zan ajiye labarin kaina gefe in yi bayanin aikin kansa, domin abin da zai biyo baya a tarihin nan ba zai fahimtu ba sai an san shi.

A gaɓarmu teku yana cikowa sau biyu, ya janye sau biyu a kwana guda. Tsakanin cikowa da cikowa awa 12 ne da minti 25, shi ya sa kullum yakan makara da kusan minti 50 a kan jiya. Idan wata ya tsaya, da kuma daren goma sha huɗu, cikowar ta fi ƙarfi, janyewar ma ta fi nisa. Ko a lokacin, ratar da ke tsakanin sama da ƙasa a wajenmu mita ɗaya ce da 'yan kai. Amma ga babban jirgi mai ɗauke da kaya da zai shiga tashar jiragen ruwa ta Takoradi ko ta Tema, rabin mita kan raba tsakanin wucewa lafiya da gogar ƙasa.

Tsohon ma'auni rijiya ce da ake ginawa a jikin bangon tasha, da ƙaramar kafa a ƙasa wadda ruwa ke shiga ta cikinta. Ana ƙuntata kafar, kamar kashi ɗaya cikin goma na faɗin rijiyar, don kada kaɗawar igiya ta shigo, sai hawa da saukar teku kawai. A ciki akwai gwangwani mai yawo a kan ruwa, ɗaure da waya da ke juya alƙalami a kan takarda. Ciwon wannan rijiya laka ne. In ta toshe kafar, ruwan ciki zai riƙa bin na waje a makare, zanen ya fito da kyau a ido alhali ƙarya ne.

Yanzu reda ake kafawa. Ana ɗaure ta a kan ƙarfen da ya miƙo saman ruwa, tana kallon ƙasa, ta aika sigina ta lissafa lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo. Ba ta taɓa ruwa, don haka gishiri bai cika cin ta ba. A ƙarƙashin ruwa kuma ana saka ma'aunin nauyin ruwa ɗaya ko biyu, su zama shaida a kanta. Sai akwati mai tara lambobi, da batir mai bolt 12, da faifan sola, da eriya. Ana ɗaukar awo kowane minti, a tura ta tauraron ɗan'adam ko ta layin waya bayan 'yan mintoci.

Duk wannan kaya ba shi ne zuciyar aikin ba. Zuciyar aikin ƙusoshin tagulla ne da ake kafawa a cikin dutse ko kankare mai ƙarfi a kewayen tasha, aƙalla biyar. Reda ba ta san inda ƙasa take ba, nisan da ke tsakaninta da ruwa kawai ta sani. In ƙarfen da take kai ya lanƙwasa da santimita biyu, ko bangon tasha ya ɗan nutse, za ta ce teku ya hau alhali bai motsa ba. Saboda haka duk shekara safiyo yake zuwa da na'urarsa da sandar awo, ya bi daga reda zuwa babbar ƙusa, daga ita zuwa sauran, ya dawo inda ya fara. In lissafin zuwa da na dawowa suka saɓa da fiye da 'yan milimita, a sake daga farko. Ana yawaita ƙusoshin ne domin ranar da motar gini ta tumɓuke ɗaya, sauran su riƙe tarihin. A ganina wanda ya canza na'ura bai yi wannan awo kafin cirewa da bayan ɗaurawa ba ya yanke igiyar da ta haɗa awon jiya da na yau, kuma da wuya a sake ƙulla ta.

Sauran matsalolin ƙanana ne amma su ne na kullum. Kashin tsuntsu da ƙurar hunturu su rufe faifan sola, batir ya mutu da tsakar dare, a wayi gari da giɓin awa shida. Jirgi ya zo ya tsaya daidai ƙarƙashin reda, ta auna rufinsa. Halittun ruwa masu ɓawo su manne a bakin ma'aunin ƙasa su toshe shi. Agogon akwati ya zame da 'yan mintoci, wanda ya isa ya ɓata hasashen cikowa. Maganinsu ziyara ce a kai a kai: a goge faifai, a kankare ɓawo, a duba tsatsa a bakin wayoyi, sannan a karanta tsayin ruwa da ido a jikin sandar da ke bango, a rubuta shi da lokacinsa a littafi. Wani abu da sabon ma'aikaci kan ɗauka lalacewa ce: idan nauyin iska ya ragu da miliba ɗaya (ma'aunin da ake auna nauyin iska da shi), teku yakan hau da kusan santimita ɗaya. Na'urar lafiyarta ƙalau.

Da awon kwana 29 ana iya fitar da jadawalin cikowa na wucin gadi, na shekara guda ya fi inganci. Amma kafin a tsayar da matsakaicin tsayin teku na wani wuri ana son shekara 19, saboda akwai zagayen wata mai ɗaukar shekara 18.6.

To ina lambobin suke zuwa? Matsakaicin wata-wata da na shekara ana aika su ofishin PSMSL da ke Libaful a Ingila, wanda ke tara irin wannan awo tun 1933. Shirin GLOSS na hukumar UNESCO, wanda aka fara a 1985, shi ya haɗa manyan tashoshin duniya, kuma Takoradi tana cikinsu. Bayan ambaliyar tsunami ta 26 ga Disamba 2004 a tekun Indiya, aka gane cewa awon da zai iso bayan wata guda ba ya ceton rai, aka matsa a riƙa turawa nan take. A yau akwai shafin intanet da wata cibiya a Ostan ta Beljiyam ke kula da shi, inda kowa zai buɗe kyauta ya ga hawa da saukar ruwa a ɗaruruwan tashoshi.

Akwai masu ganin cewa awon dukiyar ofis ce, a kulle a kabad sai wanda ya biya. Ban yarda da su ba. Masana sun ƙiyasta cewa teku ya hau da kimanin santimita 20 a duniya tsakanin 1901 da 2018, kuma da awon tashoshi irin waɗannan aka gano haka. Afirka ta Yamma kuwa tana cikin wuraren da dogon awo ya yi ƙaranci. A Keta, gabashin Gana, teku ya cinye gidaje da tituna, kuma dalilan sun haɗu: hawan ruwa, da ƙarfin igiya, da raguwar yashin da kogin Bolta ke kawowa tun da aka gina madatsar Akosombo a 1965. Injiniyan da zai gina katangar kare gari yana bukatar sanin iyakar inda ruwa ya taɓa kaiwa. Masunci yana bukatar sanin lokacin da zai tura kwalekwale. Kuma idan lambobi suna fili, wani a wata ƙasa yakan hango kuskuren da mai tasha bai gani ba, ya sanar da shi kafin shekara ta lalace.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan shiga batun auna sanyin ruwa tsakanin Yuli da Satumba, lokacin da ruwan ƙasa ke tasowa sama ya jawo kifi kusa da gaɓa.