Kuɗin adibas bashi ne, ko da yana cikin aljihunka

Ƙannena, na ga da yawa cikinku sun fara tara bulo da niyyar gina ɗakunan haya, kuma na yi murna. Amma ku ji abin da ya same ni kafin ku miƙa wa kowa makulli.

A watan Janairun 2022 na gama ɗakuna huɗu a unguwar Sawaba da ke Kumasi, ƙasar Ghana, bayan shekara shida ina adashe daga abin da nake samu a kasuwar Kejetia. Kafin fenti ya bushe masu nema sun yi layi, domin ɗaki a Zangon Kumasi ba ya kwana. Na yanka sidi 200 a wata, na ce sai adibas na shekara biyu, kamar yadda na ga kowa yana yi. Cikin mako guda sidi 19,200 suka shigo hannuna.

Kawuna, wanda ya shekara talatin yana riƙe da gidan haya a Aboabo, ya kira ni bayan Magariba. Ya ce, “Ɗana, kuɗin nan ba naka ba ne tukuna. Kowane wata ne yake halatta maka nasa rabon.” Na ce, “To, Kawu, na ji.” Amma kafin azumi na zuba rabi a kan wani fili, na ƙaro kaya a shago, sauran ya tafi a hidimar bikin ƙanwata.

Kun san abin da shekarar ta zo da shi. Dalar da take wajen sidi 6 a farkon shekara ta haura sidi 14 a Nuwamba, kuma a Disamba hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari. Siminti, kwano, ƙusa, kullum da sabon farashi. Ni kuwa na riga na sayar da watanni 24 a tsohon kuɗi, ba ni da bakin cewa a ƙara ko sisi, don alkawari ne.

Da ruwan Yuni ya kankama, rufin ɗaki biyu ya fara yoyo. Wata dattijuwa da ke zaune da jikokinta ta tare ni a ƙofar gida ta ce, “Ɗana, daren jiya a zaune muka kwana, ruwa ya jiƙa katifar yara.” Ba ta ɗaga murya ba, kuma har yau maganar tana ci mini rai. Baiwar Allah ta biya ni har ƙarshen 2023, haƙƙinta ne ta kwana a busasshen ɗaki, ni kuma ba ni da kuɗin kafinta. Sai da na ci bashi na gyara. Bayan wata biyu ramin bayan gida ya cika, na sake cin wani. Gida yana ci kullum, alhali ba abin da zai shigo sai bayan shekara ɗaya da rabi.

Sai daga baya na san cewa dokar haya ta 1963, wato Act 220, ta hana mai gida karɓar adibas fiye da na wata shida. Mutane suna takawa, amma dokar tana nan, kuma ɗan haya yana iya kai ƙara ofishin Rent Control, mai sauraron rigingimun haya. Da na bi ta, da na kare kaina ma, ba ɗan haya kaɗai ba. Yanzu wata shida nake karɓa, in ajiye a asusu na daban, in riƙa cirar na wata ɗaya in watan ya kama. Daga ciki nake ware kuɗin gyara, da harajin kashi 8 cikin ɗari da hukumar tattara haraji ta ƙasa, GRA, take karɓa a kan hayar gidan zama, da kuɗin gida na shekara da majalisar yankinmu ta Asokore Mampong take aiko wa takardarsa.

Kuskure na biyu shi ne mitar wuta. Guda ɗaya na sa wa gidan duka, sai rigima ta tashi tsakanin mai firiji da mai fanka kawai. Ku nemi mita ga kowane ɗaki tun ana gini, ko da za ta ɗauki lokaci.

Na uku ya fi nauyi a faɗa, domin ya shafi zumunci. Da ɗaki ɗaya ya fita, ɗan gwaggona ya shiga ba takarda, ba shaida, sai “ai ɗan'uwa ne”. Wata tara bai biya ba, in na yi magana Gwaggo ta aiko a ce in yi haƙuri. Rashin rubutun ne ya ɓata mu, har muka yi Sallah biyu ba ma gaisawa yadda muka saba. Allah da kansa ya ce in an ƙulla bashi a rubuta. Yau ko ƙanena ne zai shiga, sai mun zauna da shaidu biyu mun sa hannu a kan kuɗi, da ranar biya, da wanda gyaran famfo yake kansa.

Filin nan da na saya da kuɗin adibas kuwa, takardar rabo daga sarkin gari kawai na karɓa, ban je Hukumar Filaye an bincika mini ba. Da na tashi kai yashi sai na tarar wani ya riga ya zuba harsashi, shi ma da tasa takardar. Maganar tana gaban manya har yanzu, kuma ban ɗora bulo ko ɗaya a wurin ba.