Wasiƙa daga Nottingham: Ƙananan Mayaƙa a Kan Tebur

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu karatu a gida. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto muku ne daga birnin Nottingham na ƙasar Ingila, inda wani abokin aikina ya ja ni zuwa wani wasa da da farko na ɗauka na yara ne, sai na tarar da magidanta masu furfura zaune a kansa har tsakar dare.

Sunan wasan Dungeons & Dragons, kuma Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fitar da shi a Amurka a shekarar 1974. Mutum huɗu ko biyar ne ke zama kewaye da tebur, ɗaya ya zama mai jan labari, sauran kuma kowa ya ɗauki jarumi guda ya riƙa magana da yawunsa. Idan jarumi ya yi niyyar wani abu mai haɗari, sai a jefa ƙwaya irin ta ludo, amma mai fuska 20, lambar da ta fito ita ce za ta nuna ko ya dace ko ya faɗi. Da a ce iyakar abin ke nan, da sai in ce tatsuniya ce da aka ba masu sauraro damar sa baki a cikinta. Abin da ya ɗauki hankalina shi ne 'yan gumakan da ake jerawa a kan taswira, waɗanda tsayin mafi yawansu bai wuce milimita 28 zuwa 32 ba, wato ba su kai ɗan yatsa ba.

Amfaninsu ya bayyana gare ni a zamana na biyu, lokacin da ba a fito da su ba. Mai jan labari ya ce wuta ta tashi a tsakiyar ɗaki, nan take kowa ya rantse cewa jaruminsa yana bakin ƙofa, har da wanda minti biyu kafin nan ya ce yana buɗe akwatin da ke tsakar ɗakin. An kwashe kusan rabin sa'a ana gardama. A mako na gaba aka shimfiɗa taswira mai gidaje, kowane gida inci ɗaya wanda ke wakiltar ƙafa biyar, aka ɗora kowa a inda yake. Jarumi ɗan Adam yana tafiyar ƙafa 30 a zagaye guda, gida shida ke nan, wutar kuwa tana cin ƙafa 20 ta kowace kusurwa, gida huɗu. Tun daga ranar wanda wuta ta ci ya san ta ci shi, ba sai an kira shaidu ba.

Wannan ƙidayar gado ce daga wasannin yaƙi, domin tun a 1824 hafsoshin daular Prussia, wata tsohuwar daular Jamusawa, suke koyon dabarun fama a kan taswira da 'yan guntayen ƙarfe, shi ma Gygax ya fara ne da wasan yaƙi mai suna Chainmail a 1971. A nan Ingila, kamfanin Games Workshop da aka kafa a Landan a 1975 ya taimaka wajen kafa Citadel Miniatures, kamfanin ƙera irin waɗannan 'yan gumaka, a garin Newark a 1979, daga baya ya fitar da wasan yaƙi mai suna Warhammer a 1983, kuma yau hedikwatarsa tana unguwar Lenton a cikin wannan birni. A da da darma ake zuba 'yan gumakan, yanzu roba ta fi yawa, wasu ma suna buga nasu a gida da na'ura.

Ana sayar da mafi yawansu ba fenti, kuma a nan ne mutane ke narkar da lokacinsu. Na ga wani dattijo ya shafe yamma guda da burushi mai siririn baki yana gyara idon wani jarumi wanda sai ka sunkuya kafin ka gan shi. Ban raina masa ba, don na san yadda mai ɗinkin hula ke zama a kan zare ɗaya.

Duk da haka ina da ƙorafi a kansu. Idan mai jan labari ya ce wani abu yana numfashi a cikin duhu, kowa yakan ƙera dodonsa a zuci, kamar yadda muke yi da Dodo a bakin kaka, kuma na zuci ya fi ban tsoro. Da zarar an ajiye ɗan gunkin roba a kan tebur, sai tsoron ya ragu, mutane su koma ƙirga gidaje kamar masu dara. Shi ya sa ra'ayina ya tsaya a kan cewa a fito da su lokacin faɗa kaɗai, a mayar da su akwati idan an koma zance.

Na san wasunku za su tambayi hukuncin mutum-mutumi, wannan kuwa na bar wa malamai. Abin da zan iya faɗa shi ne wasan ba ya buƙatar siffa, wurin tsayuwa kawai yake buƙata. Ni dai murfin kwalba nake amfani da shi, na rubuta harafin farko na sunan jarumina a kai, kuma abokan wasana sun saba har suna kiransa Sarkin Murfi. A zaman da ya wuce shi kaɗai ya tsira daga kogon, domin yana gida biyar daga inda wutar ta faɗo.

Wassalam, naku a Nottingham.